Yadda Muka Kai Saba Maraɗi, Ni da Kawu Sule

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin kasuwar Gwarzo, a ƙofar masallaci, har a shagona, sai mutum ya kawo takarda guda a buga masa, ya gyara zama ya ce, "To Nasiru, yaya ƙasar Faransa?" Na gaji da cewa Nijar na je, na kuma gaji da maimaita labari ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne irin yadda Kawu Sule yake bayar da nasa a Kabo, inda a ciki shi ne injiniya, ni kuma na riƙe masa jaka. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aka yi, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, gari kuma ya yi zafi. Albashi sai ya ga dama yake zuwa, fetur sai an bi layi, wutar lantarki kuwa mun mayar da ita kamar baƙon da ba a sa masa rana. Ina da ɗan shago mai kwamfuta biyu da injin kwafi, rabin yini ina zaune ina korar ƙuda. Ana cikin haka Malam Bashir, wanda ya koya mini kwamfuta a Kano, ya aiko in zo. Na same shi kwance, ƙafa a ɗaure, babur ya kayar da shi. Ya ce ya karɓi aikin wani kamfanin taki da iri a Maraɗi, ranar da aka sa ta matso, ga shi ko banɗaki sai an riƙe shi.

"Kai za ka je," in ji shi.

Aikin shi ne a kai musu babbar kwamfuta wadda ake kira saba, a ɗora mata manhajar da take tattara takardun kamfani wuri ɗaya. Wasiƙa ce, yarjejeniya ce, takardar neman aiki ce, duk a ɗauki hotonta a zuba a ciki, kowane ma'aikaci ya nemo abin da yake so daga teburinsa, gwargwadon izinin da aka ba shi. Sau ɗaya na taɓa ganin an yi, shi ma ina tsaye ne a bayan Malam Bashir ina miƙa masa faifai. Na faɗa masa haka. Ya ce wanda ya taɓa gani ya fi wanda bai taɓa ba, kuma duk Kano ni kaɗai ne ba zan gudu da sabar ba. Muka kunna ta a gabansa, ya ce in sa kalmar sirrin da ba zan manta ba. Na sa "gwarzo".

Da Inna ta ji zan ƙetare iyaka, sai ta aika Kabo aka kira ƙanenta. Kawu Sule ɗan kasuwar hatsi ne, mai babban ciki da babbar murya, kuma tun muna yara muke jin cewa ya san Nijar kamar tafin hannunsa, har Faransanci yana ji. Ya zo da babbar riga da rawani, ya dubi kwalin sabar, ya ƙwanƙwasa shi kamar mai sayen kankana, ya ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki. Ni da Nijar ai gida ne."

A tashar Gwarzo muka fara rigima da direba. Shi yana so ya ɗaure kwalin a saman Fijo tare da buhunan barkono, ni na ce sai dai a fasa tafiyar. A ƙarshe aka kama wa saba kujera kamar mutum, ta zauna tsakanina da wata tsohuwa mai zuwa Katsina ganin jika. Kafin mu fita gari tsohuwar ta mayar da kwalin teburi, ta ɗora kwanon furarta a kai. Duk ramin da muka faɗa sai furar ta yi tsalle, zuciyata ta bi ta. Na ce, "Inna, ko in riƙe miki?" Ta ce a'a, ai ta samu wuri mai kyau.

Ba mu yi nisa a hanyar Dayi ba muka tarar da 'yan sa-kai masu duba motoci saboda giya da kayan kiɗa. Mutanen kirki ne, sun yi sallama, sun gaishe da tsohuwa. Amma da suka buɗe jakata suka ga faya-fayan sidi jere a cikin leda, sai fuskar babbansu ta sauya.

"Malam, wane mawaƙi ne wannan?"

Na ce ba waƙa ba ce, manhaja ce. Ya ce bai san shi ba, ɗan wane gari ne? Na shiga bayani, ina yi ina kallon yatsunsa, domin ya gama cin ƙosai kenan, ga shi ya kama faifan ta cikinsa. Suna da wata rediyo mai cin sidi da suka karɓe a hannun wani, sai ya ce a saka a ji. Aka saka. Faifai ya yi ta juyawa, kowa ya kasa kunne, har direba ya kashe mota. Babu abin da ya fito. Aka ƙara murya, shiru. Babban nasu ya ciro shi ya miƙo mini da girmamawa, ya ce da duk faya-fayan ƙasar nan haka suke da sun huta. Kawu ya ce ai shi ya sa ya yarda ya rako ni, ba ya bin abin da ba shi da tsarki.

Mun sauya mota a Katsina, muka sake sauyawa a Jibiya. Tun daga nan na lura muryar Kawu ta fara raguwa. Da muka isa ɓangaren Nijar na iyaka, wani jami'in duwan, wato kwastan nasu, dogo siriri da gilashi, ya nufo mu. Na juya in ba Kawu wuri ya yi Faransancinsa, sai na ga ya duƙufa yana neman wani abu a aljihun da babu komai a ciki. Jami'in ya dube ni, ya dubi kwalin, ya ce, "Sa ba?"

Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina, ka ga ƙasar da aka ci gaba, daga ganin kwali ya gane. Na ce, "Eh, saba ce."

Ya gyaɗa kai, ya nuna kwalin ya yi wata magana da Faransanci. Na ce, "Saba." Ya sake nunawa. Na ƙara ɗaga murya na ce, "Saba." Sai ya cire gilashin, ya juye zuwa Hausa irin tasu.

"Malam, na ji kana lahiya, Allah shi ƙara. Mi ke cikin kwalin?"

Ashe "sa ba" gaisuwa ce a wurinsu, kamar a ce kana lafiya. Ni kuwa na tsaya ina ta shaida masa lafiyata. Da na fahimtar da shi sunan na'urar ne, sai da ya dafa mota don dariya, ya kira abokan aikinsa ya maimaita musu. Aka buɗe kwali suka kewaye ta. Ɗaya ya ce ƙaramin firji ne, ɗaya ya ce rediyon 'yan leƙen asiri ne. Na nuna musu wasiƙar kamfani, suka yi shawara, suka amince a bar ta ta wuce a matsayin kwamfuta marar fuska. Har muka shiga mota ina jin su a baya, ɗaya yana cewa "Sa ba?" sauran suna amsa "Saba ce."

A cikin mota na ce, "Kawu, yaya ba ka sa baki ba?" Ya ce Faransancin bakin iyaka daban ne, shi na cikin gari ya iya.

A tashar Maraɗi akantan kamfanin ne ya tarbe mu, wani kamili mai suna Isufu, ya sa riga 'yar shara da alƙalami uku a aljihu. Ya wuce ni kai tsaye ya kama hannun Kawu da hannu biyu, don a ganinsa mai rawani shi ne injiniya.

"Sannu da zuwa, Mushe Sule."

Kawu ya zare hannunsa. "Wane ne mushen?"

"Ku mana, Mushe."

"Yaro, ni da ƙafata na zo. Ko a gidanku ba a koya maka magana da manya ba?"

Da ƙyar direban motar ya raba, ya bayyana mana cewa a can mushe girmamawa ce, kamar a ce malam ko maigida, ba dabbar da ta mutu ba a yanka ba. Shi kansa Isufu, Mushe Isufu ake ce masa. A nan ne na tsare Kawu, ya amsa cewa rabonsa da Nijar tun yana saurayi, da ya raka mahaifinsa wata kasuwar ƙauye a kan jaki, suka juyo kafin Magariba. Faransancinsa kuwa kalma biyu ne, ɗaya ma daga baya aka ce mana zagi ce.

An sauke mu a wani ɗakin baƙi na kamfanin, mai gado biyu da fanka. Da safe na buɗe ido na ga fanka tana juyawa kamar yadda muka bar ta. Na ɗauka janareta ne, na fita ban ji ƙara ba. Mai kula da gidan ya ce ai kuran ne, haka suke kiran lantarki, kuma daga ƙasarmu ake jawo musu shi. Kawu ya daɗe yana kallon ƙwan fitilar, sannan ya ce mata, "Ashe nan kika gudo. Mu muna can muna cigiyarki."

Karin kumallo burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa kuma kamar ƙwarya. Kawu ya kai masa cizo irin na burodin Gwarzo, sai da ya dafe muƙamuƙi. Daga ranar sai ya jiƙa shi a shayi ya bar shi ya yi laushi kafin ya kusance shi. Amma kada in zalunce su, naman gashinsu ban taɓa cin irinsa ba, haka kwaɗon zogalen da suke kira kopto. Shayinsu na rana kuwa a wani ɗan kofin gilashi ake ba ka, mai ɗaci kamar maganin shawara. Kawu ya kurɓe nasa ya yi hamdala ya miƙe, aka ce ya zauna, ai na farko kenan, akwai na biyu da na uku, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Abin da a Gwarzo mai shayi zai sallame ka a tsaye, can sai ya cinye maka rabin hantsi. Haka gaisuwa. Mu muna da doguwar gaisuwa ta baki, su kuma ta hannu: duk wanda ya shigo ofis sai ya bi kowa ya ba shi hannu, ko da jiya tare kuka rabu.

Mai kamfanin sunansa Alhaji Zabairu, dattijo mai sanyin magana, wanda ba ya ɗaga ido sai ya gama jan carbi. Ya sa an shirya wa saba wuri a ofishinsa, kan teburi mai shimfiɗa, har da furen roba. Sakatariyarsa, Madam Hadiza, ita aka ce zan koya wa aikin. Ma'aikata suka taru a ga yadda za a kunna.

Matsala ta farko, filoginmu mai ƙafa uku ne, soket ɗinsu kuwa ƙananan ramuka biyu. Sai da Mushe Isufu ya ɗauke ni a babur muka nemo mai gyaran wuta ya sauya kan wayar. Muna dawowa na buɗe ƙaramin kwalin da ke cikin babban in ɗauko kibod, wato allon haruffan da ake bugawa, sai na tarar da huluna. Hulunan Kabo, ɗinkin hannu, an jera su tsaf a inda na sa kibod. Na dubi Kawu. Ya ce ya ji an ce hula tana daraja a Maraɗi, shi kuma wancan abin ya ɗaga ya ji ba nauyi, ya san ba wani muhimmi ba ne, yana nan a ɗakin Inna babu abin da zai same shi.

Madam Hadiza ta ce ba komai, ta ciro nata ta ba ni. Na haɗa, saba ta tashi, ta nemi kalmar sirri. Da na duba sai na ga haruffansu ba a inda namu suke ba, an yi musu musayar gida. Na bi a hankali na nemo kowane harafi na danna. Ta ce ba daidai ba. Na sake, ta ƙi. Na san in na ci gaba da kuskure za ta kulle, ga Malam Bashir yana kwance a wata ƙasa. Alhaji ya daina jan carbi. Kawu ya matso ya tattare hannun riga, ya shiga karanto addu'o'i yana tofa wa sabar ta wajen ramukan iska.

Ina zaune ina kallon kibod ɗin sai abin ya faɗo mini. Ita saba ba ta san an sauya ba, har yanzu lissafin kibod ɗin gida take yi. Abin da aka rubuta a kan maɓalli daban, abin da take ji daban. Sai na rufe ido don kada rubutun ya ruɗe ni, na bar yatsuna suka je inda suka saba zuwa a shagona. Ta buɗe.

Na buɗe ido na tarar ana ba Kawu hannu. Ya ce musu yaron yana da ƙoƙari, amma irin wannan aiki sai an haɗa da na manya. Hulunan nan kaf a ofishin ya sayar da su.

Daga nan na shiga ainihin aikin. Na fara kafa rumbun da bayanai za su zauna, sannan na bi faya-fayan ɗaya bayan ɗaya. Manhajar tana tambaya ina amsawa: ina za a ajiye takardu, wane suna za a ba sabar, kwamfutoci nawa za su shigo. Wani ɗan layi shuɗi yana tafiya a fuskar allo, ya kusa ƙarshe sai ya tsaya cak. Na ciro faifan na ɗaga shi a haske, sai ga hoton babban yatsa na man ƙosai. Na goge shi da gefen rawanin Kawu, don duk ofishin babu ƙyalle mai laushinsa, aka sake daga farko. Ana cikin haka Azahar ta yi, sai na ga kowa yana rufe aljihun tebur. Mushe Isufu ya ce a tashi, za a kulle. Na ce aiki bai ƙare ba. Ya ce aiki ba ya ƙarewa, amma rana tana yin zafi. Ashe can in an tashi da Azahar sai kusan La'asar ake dawowa, gari ya yi tsit kamar an yi shara. Da muka dawo na tarar saba ta mutu, jikinta kamar an sauke tukunya. Madam Hadiza ce ta tausaya mata saboda ƙura, ta lulluɓe ta da wani mayafi mai ado, ta toshe duk inda take shaƙar iska. Na roƙe ta da girman Allah ta bar ta tsirara.

Da manhaja ta zauna, muka haɗa sauran kwamfutocin ofis da waya, muka kafa injin ɗaukar hoton takardu. Madam Hadiza tana da kaifin kai, kafin in gama nuna mata ta wuce ni sauri. Muka tsara jakunkuna: na taki, na iri, na ma'aikata, na dillalai. Sannan na shigar da sunayen ma'aikata, na ba kowa iyakarsa, mai sito ya ga na sito, akanta ya ga na kuɗi, Alhaji ya ga komai. Na kira Alhaji ya duba. Ya sa tabarau ya bi sunayen da yatsa tun daga sama. Na farko Abdu mai sito. Ya yi ta gangarowa har ƙasa, can ya sami kansa, Zabairu, a ƙarshen kowa.

"Injiniya," ya ce, yana kallon Kawu, "wannan na'ura ta san wanda ya saye ta kuwa?"

Na yi bayani cewa bin haruffa take yi, ba girma ba. Ya ce to a koya mata girma. Na ƙara masa "Alhaji" a gaban suna, ya haura sama, amma ya tsaya na biyu, don har yanzu Abdu yana gabansa. Abdu kansa ya fi kowa shiga damuwa, yana rantsuwa ba shi ya sa kansa a can ba. A nan ne Kawu ya yi aikin da zan yaba masa har gobe. Ya tambaye ni wane harafi ne ke bayan wane, na faɗa masa. Ya juya wajen mai sito ya ce, "Kai, a gida wa ake ce maka?" Ya ce Audu. Kawu ya ce to shi kenan, a rubuta Audu. Aka rubuta, Alhaji ya hau kan kowa, Audu ya sauko na biyu yana godiya.

Ranar da za a miƙa aiki Alhaji ya gayyaci 'yan'uwa da abokan ciniki, aka kawo lemo. Madam Hadiza ta zauna gaban kwamfuta. Alhaji ya ce duk mai so ya faɗi takarda a nemo masa. Sai wani dattijo ya miƙe daga baya, ashe wan matar Alhaji ne, mai suna Malam Hamidu. Ya ce shi dai tun bara ya kawo takardar neman a ba shi dillancin taki a garinsu, kullum ya zo sai a ce ana nema, ta shige cikin takardu. Ko wannan na'ura za ta gan ta? Kafin Alhaji ya buɗe baki Madam Hadiza ta buga sunan. Takarda ta fito ɓaro-ɓaro a allo, har da tabon shayi a gefenta. Jama'a suka yi ta mamaki. Malam Hamidu ya ce alhamdu lillahi, tunda ga ta ga Alhaji, sai a sa hannu. Alhaji ya dubi takarda, ya dubi taron surukai, ya karɓi alƙalami.

Bayan an watse ya sa aka kira ni, ni kaɗai, karo na farko ba tare da Kawu ba. Ya ce in zauna.

"Ɗana, aikinka ya yi kyau. Amma ka naɗe abarka ka mayar wa malaminka."

Na tuna Malam Bashir da ƙafarsa, na tuna kujerar mota da furar tsohuwa. Na ce, "Alhaji, me ta yi?"

Ya ce, "Sauri gare ta. Kai yaro ne, ba ka riƙe jama'a ba tukuna. Mutumin nan da ka gani, in an ba shi buhu goma, biyar a gonarsa za su kwana. Ba zan iya ce masa a'a ba, don 'yar'uwarsa tana gidana. Ba na kuma son in ce masa to. Shekara guda muna zaune lafiya, yana zuwa muna shan shayi, ana neman takarda. Yau na'urarka ta raba mu da wannan. In ka ce wa mutum a'a, ka yi maƙiyi. In ka ce ana dubawa, wata rana shi da kansa zai gaji, ku ci gaba da zumunci. Ina da irinsa sun fi a ƙirga."

Ban taɓa jin an kushe kwamfuta saboda ta yi aikinta ba. Can na tuna manhajar tana da wani sashe na tsara hanyar da takarda za ta bi, daga teburin wane zuwa na wane kafin a amince da ita. Na ce ya ba ni zuwa La'asar. Na zauna na ƙara zango guda a hanyar, na sa masa suna "Ana dubawa". Duk takardar da Alhaji ya tura can, wanda ya neme ta zai ga sunanta, ya ga tana nan ba ta ɓata ba, amma ba ta buɗuwa, kuma babu mai fito da ita sai shi. Na nuna masa yadda zai tura da yadda zai saki. Ya gwada da wata takarda, ya sa Mushe Isufu ya nema daga ofishinsa. Mushe Isufu ya dawo ya ce na'ura ta ce ana dubawa. Alhaji ya jingina da kujera, ya ɗauki carbinsa.

"Yanzu ta yi hankali," in ji shi. Ya sa hannu a takardar karɓar aiki, ya buga hatimi har wuri uku, don su can takarda ba ta cika sai ta sha hatimi.

Dawowa ba mu sha wahala ba, tunda babu kwali. Alhaji ya haɗa mu da kilishi da cuku, Kawu kuma ya sayo dogon burodi guda don ya nuna wa mutanen Kabo abin da ya yi fama da shi. Na biya Kano na ba Malam Bashir labari, ya yi dariya har sai da ƙafar ta motsa ya koma salati. Daga baya Madam Hadiza ta yi masa waya ta ce komai yana tafiya daidai, kuma duk cikin jakunkunan babu wadda ta kai "Ana dubawa" cika.

Ranar da na fara ba da labarin nan a majalisa, akwai Malam Tijjani, magatakarda a wani ofishi a nan garin, mutumin da ya sha gaya mini cewa kwamfuta lalata aiki za ta yi. Kowa yana dariya, shi bai yi ba. Da aka tashi ya biyo ni har shago, ya jira mutane suka ragu, ya rage murya.

"Nasiru, ita wannan 'Ana dubawa' ɗin, dole sai an haɗa da sabar, ko ana samunta ita kaɗai?"

Na ce masa ya riƙe tasu ta ofis, ta fi tawa inganci, don tasu ko wuta ba ta bukata.